Teburin Malam Habibu ya tsage da tsakar dare: laifin wa?

Malam Habibu (Garwa, Kamaru): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na zo da ƙorafi, kuma na san za a yi mini dariya, to a yi. Waɗanda suka daɗe a nan sun san ni malamin makaranta ne, kafinta ba sana'ata ba ce, sha'awa ce da nake yi a zauren gidana Asabar da Lahadi. A hutun damina, cikin Agusta, na haɗa wa yara teburin karatu. Filanki biyar na safeli, jan katakon nan na dajin kudu, na jera, faɗin saman santimita 80, tsawonsa mita ɗaya da rabi. Na shafa gam a gefe-gefe na matse, na kawo sanduna uku na gicciya a ƙarƙashi, su ma na shafa musu gam, sannan na bi su da ƙusa har sai da hannuna ya gaji. Na goge shi sumul, na shafa barni, man ƙyallin katako, sau uku. Har maƙwabta suna shigowa kallo. Daren jiya, cikin hunturun nan, wajen ƙarfe biyu sai muka ji tau! Uwargida ta ce ɓarayi ne, na fito da tocila da taɓarya, ban ga kowa ba. Da gari ya waye sai ga teburin ya tsage daga baki har tsakiya, ƙaramin yatsana yana shiga. To mai katako ne ya cuce ni, ko gam ɗin jabu ne, ko hannuna ne?

Ɗan Kusiri: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ka duba dai ko aljanun safeli ne suka yi kewar daji suna son komawa kudu.

Sadiku (Ngaundare): Malam, kafin a kama mai katako, amsa mini wannan: kwana nawa tsakanin ranar da ka sayi filankin da ranar da ka sa musu zarto?

Malam Habibu: Ranar Alhamis na saya, Asabar na fara aiki.

Sadiku: To ai magana ta ƙare. Ina aiki kusa da tashar jirgin ƙasa a nan, kullum ina ganin katakon nan yana sauka. Daga dajin gabas yake fitowa, wajen Bertuwa da ƙasa da ita, a loda shi a Belabo, jirgi ya kawo shi Ngaundare inda layin dogo ya tsaya tun 1974, daga nan manyan motoci su gangara da shi Garwa, Marwa, Kusiri har Njamena. Wani filankin sati biyu ko uku da suka wuce yana tsaye a daji da ganyensa. In ka dafa shi za ka ji sanyi a tafin hannu, in ka ɗaga za ka ji nauyi kamar an jiƙa shi. Mai sayarwa ba zai ce maka ɗanye ne ba, shi ma bai ajiye shi don ya bushe ba, ya sauke ne ya sayar ya sake oda.

Malam Habibu: Amma wallahi a ido busasshe ne. Na ƙwanƙwasa shi ma.

Sadiku: Fatar ce ta bushe a hanya. Cikin yana nan da ruwansa.

Garba Kafinta (Garwa): Ni dai abin da zan ce, kowa ya tsaya a kan sana'arsa. Mu ba mu taɓa shiga aji mun ce za mu koyar da lissafi ba. Mutum ya kalli bidiyo biyu a waya sai ya sayi zarto ya ce shi ma kafinta ne. Shekara bakwai na yi ina share ɗiɗɗigar katako a shagon maigidana kafin ya bar ni na yanka filanki ni kaɗai. Da ka kawo mini aikin da yanzu kana barcinka lafiya.

Maman Ikram (Marwa): Malam Garba, a yi haƙuri zan sa baki. Kabad ɗin da aka yi wa ƙanwata na kayan ɗaki, ƙwararren kafinta ne ya yi, mai shago da yara shida. Ba ta cika wata biyar a ɗakinta ba ƙofofin suka karkace, ɗaya ma sai an ɗaure ta da tsumma. Gadon kuwa na irin allon garin katakon nan ne da ake matsewa, mai ƙyalli a waje. Sau ɗaya ruwan wanke ɗaki ya kwanta a ƙarƙashinsa ƙafafun suka kumbura kamar burodi. To wannan wane malamin makaranta ne ya yi shi?

Ɗan Kusiri: Hajiya ta jefa, ta samu.

Injiniya Mustafa (Garwa): Ku bari mu raba maganar biyu, ta tebur daban, ta Malam Garba daban. Ta tebur lissafi ne kawai. Katako ko bayan an sare shi ba ya daina shan ruwa daga iska da mayar da shi. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin ɗari, kamar yadda muke samu a nan cikin Agusta, katako yana tsayawa da ruwa wajen kashi 16 na nauyinsa. Idan hunturu ya kama, laimar ta faɗi zuwa kashi 20 ko ƙasa da haka da rana, ruwan da ke cikinsa yana sauka zuwa kashi 4 ko 5. Duk kashi ɗaya da ya fita, filankin safeli yana tsukewa a faɗinsa da misalin rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari. Ku lissafa: kashi 11 sun fita, saman tebur mai santimita 80 yana neman ya rage wajen santimita biyu. Wannan kuwa idan a ce ya riga ya daidaita da iskar damina ne. Na Malam da ya zo ɗanye ya fi haka.

Abin da ya kashe teburin shi ne katako a faɗi yake tsukewa, a tsawo kusan ba ya motsi. Sandunan nan uku da Malam ya gicciya, tsawonsu ne ya bi faɗin teburin. Su sun tsaya cak a kan santimitocinsu, saman yana ja yana neman ya tsuke, gam da ƙusa sun riƙe shi. Da ya rasa inda zai je sai ya yage kansa.

Malam Habibu: Wato ƙarfin da na ƙara masa ne ya ci shi.

Injiniya Mustafa: Shi ne. Da gam ɗin jabu ne ma da ya saki, teburin ya tsira. Ka duba, tsagar a kan layin gam take ko a tsakiyar filanki?

Malam Habibu: Na duba yanzu. A tsakiyar filanki na biyu take. Layin gam ko gezau.

Injiniya Mustafa: To ka nemi gafarar mai gam.

Baba Ɗanjuma (Marwa): Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni ido ya yi rauni. Injiniya ya faɗa da lamba, mu da ba mu san lamba ba ga yadda aka koya mana. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ba ya taɓa katakon kudu sai ya ga hunturu ɗaya a rumfarsa. Yana cewa baƙo ne, a bar shi ya huta ya san garin. Muna saye a ƙarshen damina, mu kafa duwatsu ko bulo, mu jera filanki a kai nesa da ƙasa kamar taku ɗaya. Tsakanin kowane filanki da ɗan'uwansa a sa 'yan siraran sanduna, kowace a daidai kan ta ƙasanta, don iska ta ratsa. In ka sa su barkatai filankin zai bi su ya lanƙwashe. A sama a ɗora nauyi. Bakin filankin, wato kan yanka, a shafe shi da ragowar fenti, don ta nan ruwa ke gudu da sauri, ta nan kuma tsaga ke farawa. Kuma a inuwa, kada rana ta gan shi. Yaran yanzu sai su jingina filanki a bango cikin ranar Maris su ce suna busarwa. Wannan gashi ne, ba busarwa ba.

Kai kuma Garba, ɗana, Malam bai ci maka kasuwa ba. Teburin 'ya'yansa ya yi. Ni na fi jin daɗin mai saye da ya taɓa riƙe zarto, don shi ne ba ya ce maka aikin kwana goma ka gama jibi.

Garba Kafinta: Baba, Allah ya ƙara girma, ban musa maka ba. Amma tunda Hajiya ta taso da maganar kayan ɗaki bari in faɗi tamu. Uban amarya zai zo maka saura sati uku biki. Yana son gado, kabad, madubi, durowar gefe biyu. Ka gaya masa kuɗin busasshen katako ya ce wane shago ya faɗa masa rabin haka. Ina zan samo jarin da zan sayi katako in jibge shi wata biyar yana kallona? Ga kuɗin hayar shago, ga yara na jiran na abinci, ga wuta da in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya sai mu wuni injin yana kwance. Mun san ɗanye ne. Wallahi mun sani. In na ƙi aikin maƙwabcina zai karɓa da katakon da aka sauke jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mutanenmu ranar tafiyar suke kawo goran.

Maman Ikram: Wannan kam gaskiya ka faɗa, mu ma muna da laifi. Amma da kuna gaya mana ƙiri-ƙiri cewa wannan zai karkace, da wasu sun haƙura sun ƙara kuɗi ko sun rage yawan kaya. Ai ba ku faɗa.

Garba Kafinta: Na taɓa faɗa wa wata Hajiya, ta ce baƙin ciki nake wa 'yarta.

Sadiku: Ni abin da na tsinta a nan, Malam Habibu ne kaɗai a cikinku ba mai binsa da ranar biki, kuma shi ne ya fi kowa gaggawa. Alhamis zuwa Asabar!

Malam Habibu: Na karɓa. Hutu ne yake ƙarewa, ina son in gama kafin a koma makaranta a Satumba. To Baba, ta yaya zan san ya bushe? Na ga ana tallar wata 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako.

Injiniya Mustafa: Tana aiki, amma ba sai ka saya ba. Ka zaɓi gajeren filanki ɗaya daga cikin tarin, ka kai wa mai shagon unguwarku ya ɗora a sikeli, ka rubuta nauyin da kwanan wata a jikinsa da fensir, ka mayar da shi cikin 'yan'uwansa. Duk Juma'a ka sake. Zai yi ta raguwa. Ranar da ka auna sati biyu ko uku a jere ka ga bai sauya ba, ya daidaita da iskar gidanka. Mai kaurin santimita uku a hunturunmu ba ya daɗewa kamar a kudu, amma mai kauri na ƙafafu yana ɗaukar lokaci fiye da haka sosai.

Baba Ɗanjuma: Amma ka ji, bushewa rabin magana ce. Busasshen ma zai sha laima a damina ya kumbura, ya sake tsukewa da hunturu, haka zai yi ta yi har ya tsufa. Don haka ba a ɗaure shi, hanya ake ba shi. Saman tebur ba a sa masa gam a kan abin da ya gicciye shi. Ka huda sandar ƙarƙashi, ramin tsakiya ka bar shi daidai noti, na gefe-gefe ka ja su su yi tsawo kamar ƙwayar dabino, tsawon ya bi faɗin teburin. Noti ya riƙe saman a ƙasa, amma yana iya zamewa dama da hagu. Ƙofar kabad kuwa, ka ga irin ta dā mai firam da allo a tsakiya? Ba ado ba ne. Ana fafe kwari a cikin firam ɗin, allon ya zauna ciki ba gam ba ƙusa, da 'yar sarari. Ya kumbura ya tsuke a cikin ɗakinsa, ƙofar ba ta sani ba.

Kuma ka lura da lokacin da kake aiki. Durowar da ka yi a Fabrairu ta shiga cif-cif, a Agusta ba za ta buɗu ba ko da ka kira maƙwabta. Da rani a bar mata sarari. Wadda aka yi da damina kuwa a matse ta, za ta saki da kanta.

Ɗan Kusiri: Yanzu na gane. Akwai durowa a ɗakin mahaifiyata da ba ta buɗuwa sai bayan an girbe gero. Mun ɗauka halinta ne.

Injiniya Mustafa: Ƙari a kan na Baba: Malam, ƙarƙashin teburin ka shafa masa barni?

Malam Habibu: A'a. Wa zai leƙa ƙarƙashi?

Injiniya Mustafa: Iska. Ka rufe fuska ɗaya ka bar ɗaya a buɗe, ta ƙasa tana bushewa da sauri fiye da ta sama, sai allon ya nemi lanƙwashewa. Abin da ka shafa a sama ka shafa a ƙasa, ko da bai kai shi kyau ba.

Abakar (Njamena): Salam 'yan'uwa na Kamaru. Ina karanta ku ina murmushi, kuna da safeli har kuna tsaga shi. Mu kafin filanki ya haye gadar Ngeli daga Kusiri ya iso mana, kuɗin mota da na hanya sun hau kansa, sai ka yi tunani sau biyu kafin ka yanka. Ga shi tun wajen 2009 da gwamnati ta hana gawayi da saran ɗanyen itace, ba ka isa ka ce za ka sari bishiya ka yi benci ba. Ni katakon da ake ɗora kaya a kansa a manyan motoci da kwantena nake saye in ɓaɓɓare. Ya riga ya sha rana ya bushe. Na yi kantar littattafai da kujeru biyu da shi. Wahalarsa cire ƙusa, kuma in ka manta ɗaya ta gaisa da bakin rabo, ranar ka yi asara. Abu guda, ku duba tambarin da aka ƙona a jikinsa. Mai HT da zafi aka kashe ƙwarinsa. Mai MB hayaƙin guba aka yi masa, ba na shigar da shi ɗaki, balle in yi abin da abinci zai taɓa.

Maman Ikram: Malam Abakar, rabo kuma? Wane rabon?

Abakar: Abin feƙe fuskar katako, Hajiya, sunansa ke nan a bakin masu Faransanci. Kowa da rabonsa.

Malam Habibu: Tunda an zo maganar irin katako, ina da niyyar yi wa uwargida kabad na kwanuka, na yi mata alkawari tun bara. Ayus, farin katakon nan na kudu, ya fi araha nesa ba kusa ba, ga sauƙin yanka da zarton hannu. In yi da shi?

Garba Kafinta: Ayus ba shi da nauyi, ba ya gardama, kuma ba ya karkacewa sosai in ya bushe. Amma abincin gara ne, kuma akwai ƙwaron da ke shiga cikinsa, sai dai ka wayi gari ka ga gari-gari kamar na tuwo a ƙasa. Noti ma ba ya kama shi da ƙarfi. Ka yi cikin durowa da bayan kabad da shi, ko ka sa filawud a bayan da gefuna tunda shi ba ya tsukewa kamar filanki. Ƙafafu da firam ka sa iroko, katakon kudu mai ƙwari, in aljihu zai ɗauka. Gara ba ta cika son iroko ba, kuma ya fi safeli natsuwa. Safeli kyakkyawa ne amma jijiyarsa a murɗe take, wajen fiƙa sai ta yi ta tsigewa, dole bakin ƙarfenka ya yi kaifi ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. In za ka goge iroko ka rufe hanci, ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayi.

Ɗan Kusiri: Jama'a ku shaida, wanda ya ce kowa ya tsaya a sana'arsa ya buɗe aji.

Garba Kafinta: Ina tausayin kwanukan Hajiya ne, ba shi ba.

Sadiku: Maganar gara, a wajenmu baƙin mai ake shafawa.

Baba Ɗanjuma: A kan azara ko ginshiƙin rumfa da za a binne, to. A kan kabad ɗin kwanuka, a'a. Wari ba ya fita, yana ɓata tufafi, barni kuma ba ya kama inda ya taɓa. Gara daga ƙasa take zuwa ko ta bango. Kada kabad ya jingina da bangon ƙasa, a bar tazarar tafin hannu. A yi masa ƙafafu masu tsawo yadda tsintsiya za ta shiga, in ta fara gina hanyarta a gani da wuri. Matar da ke share ƙarƙashin kabad ɗinta ta fi kowane magani.

Maman Ikram: Baba, an dawo da aikin kanmu ke nan.

Baba Ɗanjuma: 'Yata, shi ma Malam yana da hannu, tsintsiya ba ta fi zarto nauyi ba.

Abakar: Ni tambayata ga Baba. Kafin jirgi ya fara kawo katakon kudu, da me ake aiki a ƙasar nan?

Baba Ɗanjuma: Da namu. Maɗaci shi ne sarki, ja ne, yana da nauyi, ɗan'uwan safelin nan ne ma. Ƙirya ta turmi da taɓarya da ƙotar gatari, wadda ko gara ta gan ta sai ta sauya hanya. Giginya ta azara. Madobiya ta kujera da abin da ake son ya yi kyau. Amma yawanci aikin masassaƙa ne da gizago, daga gungume ɗaya ake fitar da kujera 'yar tsugune, babu haɗi balle wani ya ja wani. Shi ya sa ta kakarka tana nan har yau. Darbejiyar nan da ta cika titunan Marwa ma katako ce mai kyau, danginsu ɗaya da maɗaci, ƙwari ba su cika damunta ba. In iska ta kayar da ita ko an yi sassabe, ina sayen gungumen in kai a tsaga mini.

Sadiku: Sai dai a bi ta hannun 'yan gandun daji a karɓi takarda, kada sha'awa ta kai mutum ofis. Madobiya kam an yi mata wawa, an yi ta lodinta zuwa Sin daga ƙasashen yankin nan har sai da aka sa ta cikin CITES, yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikin itatuwa da dabbobin da ke neman ƙarewa, a 2017 aka ce ba a fitar da ita sai da izini. Ni yanzu ko an kawo mini ita da araha ba na tambayar kuɗin.

Malam Habibu: Na gode ƙwarai. Saura babbar tambaya: teburin nan ya mutu ke nan? Wani abokina ya ce in kwaɓa garin katako da gam in cusa a tsagar.

Injiniya Mustafa: Kada ka yi. Damina na zuwa katakon zai kumbura ya nemi rufe tsagar, ya tarar da abin da ka cusa ya toshe, sai ya tura wani wurin.

Garba Kafinta: Ka cire saman gaba ɗaya. Sandunan nan uku ka ɓamɓare su a hankali da kurfi, ƙusoshin ka tura su ta baya. Ka bar allon ya kwana biyu ya saki jikinsa. Sai ka bi tsagar da zarto har ƙarshe ya rabu biyu, ka feƙe bakunan su miƙe, in ka haɗa su ka ɗaga wa haske kada ka ga rana ta ratsa. Sannan gam. Ka yi shi da asuba, don a iskar nan farin gam yana yin fata kafin ka gama shafawa. Komai ya zama a shirye kafin ka buɗe robar.

Malam Habibu: Abin matsewa biyu kawai gare ni, kuma gajeru ne.

Baba Ɗanjuma: Ka sami tsohon tib na mota ka yanka shi dogo-dogo, ka naɗe allon da shi kana ja, kowane zagaye yana ƙara matsi. Ko ka kafa katako biyu a kan benci, allon a tsakani, ka buga 'yan sandunan da aka fiƙe kamar bakin gatari a gefe. Da haka muka yi shekaru. Ka ɗora bulo a kai kada ya tashi a tsakiya.

Maman Ikram: In an gama, maimakon barnin nan mai tsada ba za a shafa man gyaɗa ba? Na ga yana sa akushi ƙyalli.

Injiniya Mustafa: Man gyaɗa da na auduga ba sa bushewa, Hajiya. Za su yi danƙo su kama ƙurar hunturu, daga baya su yi wari, littafin yara kuma ya sha mai. Akushi ana wanke shi kullum, tebur ba a yi.

Malam Habibu: Jama'a, bayan kwana tara na dawo da rahoto. Na cire saman, na raba shi, na feƙe. Bakin farko sau huɗu ina gyarawa rana tana ratsawa, sai a na biyar ya zauna. Na haɗa bayan sallar asuba da tib, yara suna ja ina ja. Faɗin yanzu santimita 77 ne, uku sun tafi, wasu iska ta ci wasu zarto. Na ja ramukan noti kamar yadda Baba ya ce, na shafa barni sama da ƙasa. Layin haɗin yana ganuwa in ka san inda yake. Na kuma sayo iroko na kabad, na jera a rumfa da sanduna a tsakani, na shafe bakunan da ragowar shuɗin fentin ƙofa. Guntun gwaji ranar farko giram 1,840 ne, jiya 1,765. Mai shago yana tambayata ko sayar da katakon zan yi a kilo. Uwargida kuma ta ce ta gane, wato kabad ɗin bara ya koma na baɗi da hujjar Injiniya.

Maman Ikram: Ka gaya mata ina bayanta.

Baba Ɗanjuma: Madalla. Kada ka taɓa shi sai sikeli ya tsaya. In ka zo yin firam ka yi haɗin mace da namiji, wato a fafe rami a wani katakon a yanka bakin ɗayan ya shiga ciki, kada ka dogara da ƙusa. Zan sa yaron nan ya ɗauki hoton wanda na yi ya turo maka.

Malam Habibu: Allah ya saka da alheri Baba. Abin da ke ba ni tsoro filankin iroko da kauri, santimita huɗu, ni kuma biyu da rabi nake so. Da hannu sai na kai babbar salla ina fiƙa.

Garba Kafinta: In ya bushe ka ɗauko shi a amalanke ka kawo shago in zura maka a inji. Asabar da safe, ka fara kira ka ji ko akwai wuta. Ka cire fentin bakin kafin ka zo, kuma buhunan ɗiɗɗigar kai za ka kwashe.